Hannun da Kawu Ya Sansana

Jiya a unguwar Hindawiyya ƙarnin rubyan, wato jatan lande, ya tuna mini da marigayi Kawu.

Fatsa a wurinsa tana da tsari. Da farko ka wanke hannu da ruwan teku. Sannan ka ɗaura dalma, sai ƙugiya, daga ƙarshe ka soka rubyan ta wutsiya har ƙarfen ya ɓuya.

Fitarmu ta ƙarshe ranar Juma'a ce. Ban taɓa kama hamur, kifin nan na cikin duwatsu, a gabansa ba, ga shi jikin Kawu ya yi rauni. Garin sauri na tsallake wanke hannu. Ya kama yatsuna ya sansana.

"Turaren masallaci ka shafa wa kifi? Ango ne shi? Yalla, maza koma farko."

Na koma, raina a ɓace. Kafin magariba zare ya yi nauyi, na jawo hamur mai tsawon kamu ɗaya. Kawu ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan, ka iya."

Bai taɓa yabona ba sai ranar. Har yau kunnena yana neman muryar.

Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ya sada mu a Aljanna.