Baƙar Sobiyar Kaka da Azumina na Fari

Ranar sha bakwai ga watan azumi ce, shekara biyu ko uku bayan an gama yaƙin duniya, ina da shekara tara. Rana ta take a kan duwatsun Makka, rufin gwangwanin ɗakinmu sai ƙara yake tas-tas don zafi, ni kuwa ina tsugune gaban tulun sobiyar kakata, abin shan da take dafawa ta sayar, da ludayi a hannu, bakina a bushe ƙamas. Daga inuwar rumfa Kaka ta ɗaga murya ta ce, "Ke Zulai, ya kika ji ta?" Na tsoma ludayin na kaɗa don ta ji motsi, na mayar da abin da na ɗebo, na ce, "Lafiya lau take, Kaka." Ko ɗigo bai taɓa harshena ba.

A lokacin muna zaune a wajen unguwar Mansur, cikin bukkokin Takari, wato mu 'yan ƙasar Hausa da muka zo hajji muka zauna. Kaka da ƙafarta ta taho daga ƙasar Kano, ta yi shekaru a Sudan kafin ta ƙetare ruwa, kuma ba ta iso da komai ba sai hannun dafa kunu. Sobiyar mutanen Makka fara ce ko ja, tata kuwa baƙa wuluk. Sha'ir take jiƙawa ta shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhu har ya yi tsiro, mu shanya shi ina korar akuyar maƙwabta, sannan ta soya a kasko har ya kusa ƙonewa, gida ya ɗauki ƙamshi kamar na gahawa. Mu niƙa a dutse, ta dafa da dabino da citta da kanumfari, ta tace da farin ƙyalle, ta juye a tulu ta naɗe shi da buhu mai laima. In ta huce sai ta yi kauri, ga ɗaci-ɗaci ga zaƙi, da 'yar kumfa ruwan ƙasa a sama. 'Yan dako da masu ɗiban ruwa irin babana cewa suke ita kaɗai ke mayar musu da ƙarfin gwiwa bayan shan ruwa.

Aibinta ɗaya, ba ta da haƙuri. A zafin Makka, in ta wuce lokacinta sai ta juya ta zama abin da ba a ambata. Kaka kan ce, "Tsakanin sobiyata da giya, salla biyu ce." Ba wasa take ba. Dama ana yi wa Takari ƙazafin dafa giya a ɓoye, kuma da idona na ga masu sanduna na hukuma sun tasa wani maƙwabcinmu gaba a kan tulu ɗaya, aka yi masa bulala, iyalinsa suka kwashe tabarminsu suka nufi Jidda, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Mu kuwa ba takardar zama, ba wani babba a bayanmu. To, da azumi Kaka ba ta yarda ta ɗanɗana ko gishirin miya, hancinta kuma hayaƙin murhu ya daɗe da kashe shi. Saboda haka ni ce harshen gidan. Da azahar in kurɓa, da la'asar in kurɓa, in na ji ta cije ni a maƙogwaro ta hau hanci, a zubar.

Abin ya ishe ni. Ƙawata Hafsatu ta yi azumi uku, ta bi ni da waƙar mai shan ruwa da tsakar rana har bakin famfon unguwa. Na roƙi Kaka ta bar ni in ɗauka, ta ce, "Azuminki shi ne ki tsare mana tulu." Ni kuma tun ina ƙarama in aka hana ni abu sai ya tsaya mini a rai kamar ƙaya. Ran nan na ƙulla niyyata ban gaya wa kowa ba.

Ban taɓa ganin yini mai tsawo irin wannan ba. Sai bayan na yi ƙaryar nan da azahar na ji Kaka na faɗa wa Baba cewa tulun ranar nan wurin shimfiɗar mai unguwa za a kai shi, inda dattawa za su sha ruwa da wasu baƙi Larabawa. Na je 'yar carafke, duwatsun suka yi ta zubewa daga hannuna. Na dawo na share tsakar gida da na riga na share. Na fita, na shigo, na kara kunne a jikin tulu, na ji yana 'yar tsuwa a hankali, na ce wa kaina ai kullum haka yake yi. Da la'asar na sake kaɗa ludayi na sake yin ƙarya. Na ce a raina saura kaɗan, in aka buga igwar shan ruwa zan kurɓa. Amma na san kafin igwa Baba zai fita da shi.

Rana ta yi ja a kan dutse, Baba ya ajiye garewaninsa ya sunkuya zai ɗaure bakin tulu. Ban san lokacin da na fizgi ludayi na ɗebo na haɗiye ba. Ta cije ni har cikin hanci, hawaye ya zubo. Na ce, "Baba, wallahi ta juya! Kada ka fita da ita. Tun safe ban taɓa ta ba, azumi nake." Ya ɗaga hannu zai mare ni, Kaka ta ce, "Halas, ya isa, ƙyale ta. Ɗauko fartanya." A bayan ɗaki muka haƙa rami muka juye wahalar kwana biyar, muka bi da toka da yashi. Muna cikin rufewa igwa ta tashi. Da na jira ko na tsawon alwala ɗaya ne, da azumina ya cika. Na zauna a ƙasa na yi kuka har da shessheƙa, ba don dukan da na tsallake ba.

Kaka ta zo ta tsuguna ta miƙo mini dabinon farko, wanda kullum ita ke fara ci. Ta ce, "Ungo, ya binti, 'yata, sha ruwa tare da mu. Gobe ba za mu dafa ba, ki ɗauki abinki."

Yanzu ina zaune a bene, hawa na uku, a unguwar Shisha nan Makka. Jikokina kan sayo sobiya a leda su jefa a firji, ta kwana uku ba mai waiwayarta, in na ba su labarin tulu su yi dariya su amsa mini da Larabci. Ba wanda ya iya baƙar, ni ma hannuna bai taɓa kamo ta Kaka ba. Na yi azumi fiye da yadda zan iya tunawa, amma wanda na karya ɗin nan shi na fi sa ran samun ladansa.