Tarun Kolo a bangon Mushe Idrisa

Kolo mutumin Bosso ne, Allah ya jiƙansa. Tun tasowarsa bai san wata sana'a ba sai su da bandar kifi. Ranar da aka watsa garin, matarsa Kaltum ta kwashi yara da tukunya, shi kuwa tarunsa ya ɗora a ka har Diffa.

Rumfar zana suka samu a bayan gari. An hana shiga tafki, an hana cinikin kifi. Kolo ya koma tsinkar tattasai a gonakin mutane bakin Komadugu, ga ruwa yana gani, ba halin taɓawa. Ɓera kuma ya tasa tarun a gaba.

Akwai wani tsohon malamin lakwal, wato firamare, Mushe Idrisa, da ya mai da zaurensa ɗakin kayan tarihi, ya tara masu da akusa da sirdin raƙumi. Shi ya roƙi tarun.

"Ajiya ce fa, Mushe, ba kyauta ba," in ji Kolo. "Hanya na buɗewa zan ɗauki abina."

"Kai dai kawo, Ba Kolo, nan ba ɓera."

Ranar Juma'a ya je dubawa, ya tarar an baza tarun a bango, an liƙa takarda a ƙarƙashi. Kolo bai yi boko ba, sai ya ce a karanta masa. Mushe ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce, "Kayan aikin masuntan da."

"Na da? To ni da ke tsaye gabanka na yaushe ne?"

Mushe ya yage takardar.

Tun daga nan, kowace Juma'a in an sauko masallaci sai Kolo ya zo da zare, ya zauna yana ɗinke inda ɓera ya ci. Baƙi kan ɗauka shi ma cikin kayan kallon yake, har hoto suke yi masa. Ba ya ko ɗaga kai. Yakan ce taru mai ɓula ba ya zuwa tafki.

A shekara ta biyu ya gama gyara, hanya ba ta buɗe ba. Sai ya riƙa warware ɗinkin makon jiya yana sakewa. Mushe ya lura, bai taɓa tanka masa ba.

Da damina zazzaɓin kwana uku ya ɗauke mana shi. Bayan sadakar bakwai Mushe ya naɗe tarun ya kai wa Kaltum. Ta shafa ƙullin ƙarshe da mijinta ya yi, ta miƙa masa.

"Mai da shi, Mushe. Ajiya ya ba ka. Ai hanya ba ta buɗe ba tukuna."