Wainar Sunan Dainaso

Iya Asabe ungozoma ce a Darki. 'Yarta Mas'uda, malama a jami'a a Wudil, tana nazarin ƙasusuwan dainaso, manyan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da.

Da Iya ta ji su Mas'uda sun haƙo wani dainaso ya shekara ba suna, sai ta fusata. "Wane irin sakaci ne wannan?"

Mas'uda ta ce, "Iya, sai mun gwada ƙashinsa da na sauran, mu gano danginsa, mu tabbatar sabo ne."

Ranar da aka raɗa sunan, Iya ta toya waina ta raba wa maƙwabta. Suka tambaye ta wa ya haihu.

Ta ce, "Jikana ne. Ya dai daɗe a hanya."