Ranar da Inna Ta Kai Jaje Gidan Wasa

Shekarun baya, lokacin ina aikin shirya 'yan wasa a wani gidan wasan kwaikwayo a Manhattan, na taɓa zama bokanya ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Aikina ba wani mai girma ba ne. In goge kaya, in ɗinke abin da ya yage, in tsaya bayan labule da riga a hannu, 'yar wasa na fitowa daga dandamali in cire mata waccan in zura mata wannan kafin ta gama haki. Ɗinkin da na koya a gindin keken mahaifiyata a Damagaram shi ya kai ni wurin.

A wannan sana'a, duk shekara idan sanyi ya ja da baya, akwai manyan kyaututtuka da ake rabawa. Ana fara fitar da sunayen waɗanda suka shiga takara, bayan 'yan makonni kuma a faɗi waɗanda suka ci. Kafin sunayen su fito kowa yakan zama malamin duba, daga masu rubutu a jarida har mai share dandamali. Ni kuwa ina da tawa hanyar. Ban taɓa zama a kujerar 'yan kallo ba, wasan ta wata 'yar lasifika da ke bangon bayan fage nake jin sa. Sai na lura idan wasa ya kama mutane, tari yakan ɗauke a zauren gaba ɗaya. Idan kuwa bai kama su ba, ka ce asibitin masu mura ka shiga. Da wannan na canka daidai shekaru biyu a jere, kaina ya kumbura, har abokan aikina na wasu gidajen suna kirana in je in saurara musu tari.

A shekarar da nake ba ku labari, an haɗa ni da wata dattijuwar 'yar wasa, wadda a raina nake kira uwar ɗakina. Ta tsufa a kan dandamali tana fitowa a matsayin maƙwabciya, ko goggo, ko mai kawo shayi. Wannan ne karo na farko da aka ba ta babban matsayi, kuma sunanta bai taɓa shiga takara ba. Mace ce mai faɗa, amma idan ta so ka ta so ka. Ita ta tsaya mini lokacin da aka so a canja ni da wata, kuma kullum sai ta tambaye ni yarana. Idan tana kan dandamali, wallahi ko motsin kujera ba ka ji.

'Yan wasa suna da camfinsu: ba a yi wa mutum albishir da kyauta kafin ta zo. Ni da bakina da ba ya riƙe magana, wata rana ina ɗaure mata igiyar riga na ce, "Bana taki ce. Ko kaffara ba zan yi ba."

Ta ce in rufe mata baki. Amma na ga fuskarta a madubi, murmushi take yi kamar yarinyar da aka yi wa ɗinkin salla.

A lokacin mahaifiyata ta zo ganin jikoki, tana zaune da mu a unguwar Port Richmond da ke tsallaken ruwa. Inna ba ta jin Turanci, amma ta haddace hanyar wurin aikina tsaf, daga bas zuwa jirgin ruwa zuwa jirgin ƙasa, don ta sha raka ni. Sun taɓa gaisawa da uwar ɗakina, har ta ba Inna gyale. Tun daga ranar Inna ta sa ta cikin mutanenta. Da na gaya mata gobe da safe za a faɗi sunan matar nan, sai ta ce ai kuwa dole ta yi dambu ta kai barka. Na ce ta yi da yawa.

Washegari ina cikin jirgin ruwa aka fitar da sunayen. Na duba waya, na sake dubawa daga ƙasa zuwa sama. An sa wanda ya tsara fitilu, an sa wani saurayi da ke fitowa tare da ita, ita babu. Tsabar ruɗewa na manta shaf da Inna da dambunta.

Ranar akwai wasan rana. Na tarar da bayan fage tsit. A nan na ga yadda suke yin nasu: idan an tsallake mutum, ba mai tada zancen. Kowa ya yi kamar bai ji an fitar da wasu sunaye ba. Saurayin da aka sa ma ɓoye murnarsa yake yi a lungu. Uwar ɗakina ta zo, ta wuce kowa, ta shige ɗakinta ta rufo ƙofa. Na ƙwanƙwasa da kayanta a hannu, ta ce in ajiye a waje. Mutane suna wucewa ta ƙofar a kan yatsun ƙafa.

Can manajan dandamali ya ja ni gefe. Ya ce ta aiko masa cewa ba ta jin za ta iya fita yau, ya riga ya ce wa wadda aka tanada don maye gurbinta ta fara shiri. Ni da shi mun san abin da hakan ke nufi. Idan ta ƙi fita a irin wannan rana, kafin yamma labari ya zaga gari cewa tsohuwa ta kasa haɗiye abin, kuma a shekarunta ba wanda zai sake ɗora mata babban wasa. Ya ce ko zan gwada yi mata magana. Na ce da wane bakin, ni da na rantse mata.

Ina tsaye ina zare ido sai ga mai gadin ƙofar baya, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, yana yafito ni. Da Hausarsa ta can ya ce, "Mmanki ya zo fa. Ya ɗauko kula babba."

Na fita da gudu. Ga Inna ta ci ado, leshi da gyalen nan da aka ba ta, kula a rungume. Na ce, "Inna, mu koma. Ba a sa sunanta ba."

Ta dube ni. "Ba ke kika ce an gama ba?"

"Na ce. Ban canka ba."

"Tana ina?"

"Tana ɗaki ta rufe ƙofa. Nan ba a zancen, Inna. Kowa shiru yake yi, haka al'adarsu take."

"Wa ya shiga wurinta?"

Na ce babu. Inna ta miƙa wa mai gadi kular ta ce ya riƙe, wannan ba ranar dambu ba ce. Ta gyara gyale ta ce, "To barka ta tashi, saura jaje. Wuce mu je."

Na roƙe ta da Allah da Annabi. Na ce aikina ne zai tafi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta bi lungun nan tana gaida ma'aikata da ka, ta isa ƙofar, ta cire takalmanta ta jera su gefe, ta yi sallama da muryar da take yi a ƙofar gidan maƙwabta. Ban sani ba ko mamaki ne ya sa, sai muka ji an zare sakata.

Uwar ɗakina na zaune gaban madubi da kayan gida, ko hoda ba ta shafa ba. Inna ba ta nemi kujera ba, ta zauna a kan kafet kusa da ƙafarta. Sannan ta ce, "Ashe abin da aka yi miki ke nan. Kin sa rai, an hana ki. Da ciwo, baiwar Allah. Sannu."

Ta juyo gare ni. "Gaya mata."

Na ce da Turanci, mahaifiyata tana gaishe ki.

Inna ta harare ni. "Ke 'yar nan, maganata ta fi haka tsawo. Faɗa mata yadda na faɗa."

Uwar ɗakina ma ta gane an yi mata ƙwange, ta ce in gaya mata gaskiyar abin da tsohuwa ta ce. Na runtse ido na fassara, kalma bayan kalma. Na gama ina jiran a nuna mana ƙofa.

Sai uwar ɗakina ta ce, "E, da ciwo." Ta sake cewa, "Da ciwo ƙwarai." Daga nan kuka ya ƙwace mata, irin kukan da mutum ya daɗe yana tarawa. Inna ba ta ce ta yi shiru ba, ba ta ce kyautar banza ce ba, ba ta ce baɗi ma shekara ce ba. Ta dafa gwiwarta kawai tana cewa sannu, Allah ya mayar miki da mafi alheri. Ni ma ina tsaye da rigar mutane a hannu ina sharar hawaye.

Da kukan ya lafa, Inna ta nuna ni da baki ta ce, "Wannan kuma ki yafe mata. Tun tana ƙarama take da shisshigi. Wai ita mai duba, da tarin mutane take duba. Gaya mata."

Haka na tsaya na fassara zagin kaina da bakina. Uwar ɗakina ta fashe da dariya da hawaye a fuska, har ta sarƙe. Inna ta miƙe, don jaje ba a daɗewa, ta ce mini in kawo wa matar nan ruwa ta wanke fuska. Ta fita ta sa takalmanta.

Muka rage mu biyu. Ta dubi kanta a madubi, ta ce, "Tun safe kowa a gidan nan yake nuna mini kamar ba abin da na rasa. Har na fara jin ko ni ce na haukace." Ta goge ido ta ce, "Miƙo rigar."

Ta fita ta yi wasanta. Inna ta zauna a bencin mai gadi, su biyu suka buɗe kular, ma'aikata suna wucewa suna ɗiba har aka ga ƙasanta. Uwar ɗakina ba ta taɓa samun kyautar nan ba har ta daina wasa, amma bayan wannan an sake ba ta manyan matsayi, kuma duk inda ta je da ni take tafiya.

A jirgin ruwa muna komawa, na ce wa Inna ta kusa sa a kore ni. Tana kallon ruwa ta ce, "Mutum ya yi rashi, gida cike da jama'a, a ce ba wanda ya ce masa sannu. Ke ma kina ciki."

Wannan magana ta zauna mini har yau. Ba na cewa mutanen nan mugaye ne, shirunsu ma tausayi ne, gudun kada su fama mata ciwo. Amma na zauna cikinsu har na koyi wucewa ta gaban rufaffiyar ƙofa ina ce wa kaina girmamawa ce, alhali tsoro ne kawai. Duban nan ban daina ba, in lokacin sunaye ya zo har yanzu ana tambayata, ina kuma cika baki. Sai dai ranar da aka fitar da su, ba na bin layin masu barka, don su ba sa rasa jama'a. Wanda aka tsallake nake nema, in zauna kusa da shi in ce na ji abin da ya faru, kuma da ciwo. Har yau ban ga wanda ya kore ni ba.