Darasin Lodin Albasa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sa'idu, mai koyar da kwamfuta a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa. Har yanzu in na bi ta gadar Binuwai da yamma, ruwa ya kwanta lum, sai in ga kamar shi ne can gaba yana tura tsohon babur ɗinsa, yana magana shi kaɗai. Allah Ya jiƙansa.

Mu gidan 'yan kasuwa ne, kakanninmu fatake ne daga Kano. Ni atamfa nake sayarwa, ban san komai a kwamfuta ba. Amma darasinsa guda na haddace, don a tsakar gidanmu yake gwada shi har ya ishe mu. Ba ya barin ɗalibi ya taɓa na'ura sai ya warware matsala ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Misalinsa kullum lodin albasa ne a tashar Ngong. Yakan ce za ka iya tsayawa kan ɗan dako kana ba shi umarni, ɗauki wannan, aje can, dawo. Ko ka bar kowa da aikinsa, direba da dillali da mai awo, kai dai aika saƙo. Ko kuwa ka faɗi yadda kake son motar ta kasance in an gama, ka bar sauran ga mai aiki. Haka masu rubuta wa kwamfuta umarni suka kasu, in ji shi, kuma wanda ya san hanya ɗaya tak, hannunsa kawai ya koya, kansa bai koyi komai ba.

Iyaye sun sha kai ƙararsa. Sun turo yara su koyi na'ura, ga malami yana ta zancen albasa. Ni ma na ce masa, “Yaya, ka ba su abin da suka zo nema mana.” Dariya kawai ya yi.

Yau 'yarsa Hadiza ce ke riƙe da wannan ajin. Yaran yanzu waya suke tambaya, ta rubuto musu komai kafin ka ƙifta ido. Shugaban makaranta ya ce mata ta cire darasin babanta, ɓata lokaci ne ga masu shirin jarrabawa, in ta ƙi a ba wani malami ajin. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Nakan zauna a shago in yi ta tunanin me zai ce da wannan zamani. Ina jin ba zai yi fushi da wayar ba, mutum ne mai son sabon abu. Ina ganinsa ya gyara tabarau, ya karanta abin da ta rubuto a hankali, sannan ya tambayi yaron ta wace hanya ta bi, kuma me ya sa ba ta bi ɗayar ba. Daga nan ya ja kujera ya zauna kusa da shi.

Bai rasu ya bar gida ba, bai bar gona ba, babur ɗin ma ya ruɓe a zaure. Abin da ya bari shi ne wannan taurin kan, kuma na gan shi ranar Juma'a da Hadiza ta zo shagona ta zauna kan dilar atamfa.

“Goggo, in na cire darasin Baba, me ya rage? Sai in koya musu abin da waya ta fi ni iyawa.”

Litinin za ta shiga ofishin shugaban ta faɗa masa ba za ta cire ba. Na ce mata zan rufe shago in raka ta. Ba zan iya yi masa bayanin kwamfuta ba, amma na iya zama a ofishin mutum har ya gaji da ni.