Jan Zaren Hannun Kanha

Ming Phalla ba ta ƙin 'yan sa kai, hannuwansu kawai take tsoro. Ta daɗe tana girki a gidan marayun mishan da ke bayan garin Battambang, ta ga irinsu kala-kala: masu shafa kan yaro kamar kan mage, masu rusa kuka ranar tafiya su bar ta da rarrashin yara. Mutanen kirki ne, ba ta musu. Amma duk ɓarnar da ta taɓa gyarawa a gidan nan, da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Ita ma marainiya ce. A zamanin yunwa da mulkin sojojin tawaye masu baƙaƙen kaya, uwarta ta miƙa ta ga wata mai dafa wa ma'aikata abinci a bakin gonar shinkafa, ta juya ta tafi ko waiwaye babu. Phalla ta tsufa ba ta yafe wannan rashin waiwayen ba. Ta yi aure, mijin ya rasu, ba ta haihu ba. Kowa a gidan, har Fasto, Ming yake ce mata, wato goggo. Ba ta bar addinin iyayenta ba, ba a kuma matsa mata ba. In ana addu'ar cin abinci ido ɗaya take rufewa, ɗayan yana kan tukunya.

A cikin 'yan sa kai na bana, Marivic ce ta kwanta mata a rai, wata nas daga ƙasar Filifin mai cin daddawar kifi ba ta yamutsa fuska ba.

Ranar ƙarshe ta bikin ciyar da kurwar magabata, da hantsi, Phalla na naɗe shinkafa a ganyen ayaba sai Kanha, 'yar shekara shida, ta miƙo hannu a sam mata. Phalla ta ajiye ganyen. Wuyan hannun fayau yake, sai man shafawa da wani jan sawu da ya zagaye shi.

Bara kakar yarinyar, Yeay Heang, ta kawo ta kamar tsinke, da jan zare a hannu wanda aka yi wa addu'a a ɗakin ibadar addininsu don ya riƙe kurwarta a jikinta. Ta ce, "Ku koya mata waƙoƙinku, ban hana ba. Amma ranar da na zo na ga babu zaren nan, kun tsinke ta daga gare mu ke nan, zan tafi da abata." Phalla kuwa ta san inda za a kai ta: matoyar bulo inda kawun yarinyar ke aiki, inda sa'o'in Kanha ke dakon bulo mai zafi. Sau ɗaya tsohuwar ke zuwa a shekara, kuma yau ce ranar.

Phalla ta tarar da Marivic tana wanke almakashi.

"Ke ƙanwata, wa ya aike ki?"

Marivic ta amsa da gurguwar Khmer ɗinta, yaren ƙasar, "Ya shiga nama, Ming. Ciwo. Ruwa fita."

Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ƙona Phalla ke nan. Ita ma ta ga zaren yana matsewa tun farkon damina, tsoro ya hana ta taɓa shi. Ta bayyana wa Marivic maganar kakar da matoyar bulo, ta ga fuskarta ta canza.

"Mu ɗaura sabo, Ming?"

"Tsohuwar da ta murza shi a cinyarta za ki yi wa wayo? Ina kika jefa shi?"

A ramin shara yake. Fasto ya tafi gari, babu wanda zai tsaya musu. Suka duƙa cikin ɓawon kifi da ruɓaɓɓen ganye suna tono da hannu, ƙudaje na binsu, Marivic na kiran Yesu, Phalla na kiran duk wanda zai ji. Sun samo shi ke nan, baƙi ƙirin da dauɗa, suka ji tsayuwar babur a bakin ƙofa.

Yeay Heang ta sauko da ɗan ƙullin kayanta, bakinta ja da ganyen taunawa. Kanha ta sheƙo a guje, ta haɗa tafukan hannu ta ɗaga su zuwa goshi kamar yadda aka koya mata. Gaisuwar ce ta tona komai. Tsohuwa ta kama hannun, ta juya shi.

"Haɗo mata kayanta," ta ce da Phalla.

Marivic ta zube a kan gwiwoyinta. "Yeay, ni yanka. Laifi ni."

Ko kallonta tsohuwar ba ta yi ba. Phalla ta matso gabanta. Ta goge zaren a zaninta, ta miƙa da hannu biyu.

"Yeay, ba zan yi miki ƙarya ba. An yar, mun tono. Mayar mata da shi da kanki, kada ta hau hanya hannu tsirara."

Tsohuwa ta karɓa, ta zagaya shi a wuyan hannun jikarta. Bakin zaren bai haɗu ba. Ta ja, ta sake gwadawa a ɗaya hannun, nan ma ya ƙi, saura faɗin yatsa. Ta latsa damtsen yarinyar, ta latsa kumatunta, Kanha ta ƙyalƙyale da dariya.

"Da na ɗaura shi, har gwiwar hannu yake zamewa," in ji tsohuwar, muryarta ƙasa-ƙasa. "Me kuke ba ta?"

"Shinkafa ce, Yeay, da kifi. Sai dai ba ta fashi."

Yeay Heang ta zauna a ƙasa, ta kwance ƙullinta, ta zaro sabon jan zare. Ta sa yatsunta biyu a ƙarƙashinsa kafin ta ƙulla, don ya bar wuri. Sannan ta dubi Marivic a karon farko.

"Ke mai almakashi. In ya sake matse ta, ki aiko a kira ni. Ni na ɗaura, ni ke cirewa."

Da la'asar ta tafi ita kaɗai, tsohon zaren a cikin rigarta. Kanha na bakin ƙofa tana ta ƙwala mata kira, tsohuwa ba ta waiwayo ba. Phalla da ke riƙe da yarinyar ta ga yadda kafaɗun tsohuwar ke girgiza, da yadda take ƙara sauri duk lokacin da aka kira ta. Ta gane cewa in ta waiwayo ba za ta iya tafiya ba.

Phalla ta koma madafa ta zauna a gaban tukunya. Marivic ta same ta tana kuka, ta tambaya ko hayaƙi ne.

"A'a," in ji Phalla. "Uwata ce."