Lambun Ruwan Alwala

A gidanmu na Tirwun rijiya takan ƙafe da zarar bazara ta kama, sai mu koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. A lokacin ne kuma maigidana yake fara lambunsa. Ba ya jiran damina. Yakan kafce wani ɗan fili a gindin katanga, ya zuba takin akuya, ya shuka kuɓewa da alayyafo da yakuwa, sannan ya ajiye duwatsu biyu a bakin filin, ɗaya nasa ɗaya nawa. A kansu muke tsugunawa mu yi alwala. Ruwan da ya sauka daga hannuwanmu da fuskokinmu shi ne abin shan shukar har ruwan sama ya zo.

Shi mutum ne mai yawan zuba ruwa. Buta guda ba ta isarsa.

Nakan ce, "Malam, wannan alwala ce ko wanka?"

Sai ya ce, "Ke dai ki bar ni. In kuɓewa ta nuna ai ke ce mai cika tukunya."

Ya rasu a lokacin sanyi, bayan gajeriyar jinya. Ina cikin takaba bazara ta shigo. Ba na fita ko'ina, yini kuma ya yi mini tsawo. Wata safiya na ɗauko gwangwanin irinsa daga saman taga, na kafce filin gaba ɗaya kamar yadda na saba ganin yana yi, na shuka.

Sun tsiro da kyau. Bayan 'yan kwanaki na lura gefen dutsena ne kawai yake da danshi. Ɗaya gefen kuwa ƙasa ta fara tsagewa, ganyen ya langaɓe. Sai na riƙa sauya wuri, azahar a nan, la'asar a can. Maimakon gyara, duka biyun suka soma yaushi. Ni rabin buta ke isata tun ina yarinya, hannuna bai iya wuce haka ba.

Yayarsa ta zo duba ni daga Gwallaga. Ta tsaya a kan lambun ta riƙe haɓa.

"Ƙanwata, kashe su za ki yi? Ki sa a kawo jarka ɗaya ki kwarara musu mana. Ruwa ai ruwa ne, kuɓewa ba ta san na sallah ba."

Na ce, "To, Yaya."

Gaskiya ta faɗa. An kawo jarkar, na ja ta har bakin filin, na buɗe murfin. Na daɗe a tsaye. Daga baya na mayar da ita madafa na yi girki da ita. Har yau ba ni da hujjar da zan ba wani.

Washegari na durƙusa na tuge rabin shukar, gefen da ya fi nisa da ni. Saiwoyinsu sirara ne kamar zare, ba su yi gardama ba. Na tsince alayyafon da bai mutu ba, bai cika tafin hannu ba, na jefa a miya.

Sauran rabin ya rayu da abin da nake iya ba shi, har hadari ya taso daga gabas. Wurin da na tuge ciyawa ce ta cike shi a daminar nan, ban nome ta ba.